Uwar Tukunya Ta Nemi Tabawa

Da ƙarfe tara na safe Uwar Tukunya ta kama aiki kamar kullum. Hannuwanta na ƙarfe goma sha biyu suka sauko daga rufin Madafar Gari, biyu suna tankaɗe garin dawa, huɗu suna wanke nama, sauran suna jiran ruwa ya tafasa a manyan tukwane uku. Shekara talatin ke nan wannan na'ura tana dafa wa mutanen Funtuwa abincin biki da na suna. Tun da gidaje suka koma benaye masu hawa arba'in babu tsakar gidan da za a kafa murhu, sai dai a aiko da adadin baƙi, da azahar motoci marasa direba su kai kuloli har ƙofa.

Injiniya Balaraba tana tsaye gaban allo da kofin shayi, sai murmushi take yi. Girkin yau na gidansu ne. Matar yayanta Mudi ta haihu bayan shekara goma sha ɗaya ana jira, kuma mutum ɗari bakwai za su ci tuwon suna. Balaraba ta riga ta cika baki a gaban dangi cewa kafin a kira azahar abinci ya sauka.

Tana da dalilin cika bakin. Wata guda da ya wuce ta yi wa manhajar na'urar garambawul, ta share layi dubu huɗu na tsohon rubutu, ta ɗaura wani sabon ma'aunin ɗanɗano da ta sa wa suna harshen lantarki, girkin awa huɗu ya dawo awa uku. Yarinyar tana da ƙwaƙwalwa, wannan ba mai musu. Sai dai tana da cutar nan ta masu ƙwaƙwalwa: duk abin da ba ta gane amfaninsa ba, a wurinta shara ne.

Ƙarfe goma da rabi, miyar kuka ta fara kauri, sai hannuwan nan goma sha biyu suka tsaya cak a sama. Wutar tukwane ta ragu da kanta. Jan rubutu ya fito a allo: BA A SAMI AJIN ƊANƊANO BA.

A bakin masu rubuta manhaja, aji ɗan ƙunshin umarni ne da ke zaune a gefe, sauran sassa su kira shi da suna idan suna bukatarsa. In aka kira ba ya nan, komai sai ya tsaya, kamar mai tuƙin tuwo ta miƙa hannu ta tarar an ari muciya. Balaraba ta gane ajin nan take, don ita ta share shi da hannunta. Abin da ba ta sani ba shi ne, na'urar ba ta kiransa sai girki ya haura na mutum ɗari biyar, kuma duk watan nan ba a kawo oda mai wannan girma ba.

"Abu mai sauƙi," ta ce wa Malam Tanimu, dattijon makanikin da ke kula da hannuwan na'urar tun ranar da aka kafa ta.

"To, Allah ya sa," in ji shi, ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa.

Ta shiga rumbun ajiya ta dawo da Ɗanɗano. Na'ura ta yi motsi kamar za ta tashi, sai wani jan rubutu: Ɗanɗano ya dogara da ajin Ludayi, ba a same shi ba. Ta dawo da Ludayi. Ludayi ya ce shi da sabon zubin manhajar ba su san juna ba, sai an ba shi tsohon ajin Taga. Ta tono Taga daga ajiyar shekara goma sha biyu baya. Shayinta ya huce, zufa ta fara tsattsafo mata a goshi. Wayar kunnenta ta yi ƙara sau uku, Yaya Mudi ne, ta ƙi ɗauka.

Da ta sake tayar da na'urar, wata 'yar taga a bangon madafa ta buɗe, hannu ɗaya ya ɗebo miya a ludayi ya miƙa waje ya tsaya. Allo ya rubuta: BA A SAMI TABAWA BA.

Minti ashirin ta yi tana neman Tabawa. Ta duba rumbun madafa, ta duba na hukumar gari, ta duba har na jami'a. Babu aji, babu fayil, babu komai mai wannan suna. Da ta ga sha ɗaya da rabi ta gota, sai ta yi dabarar da duk mai wannan sana'a ya taɓa yi ya kuma ɓoye: ta rubuta Tabawar ƙarya, layi uku kacal, wadda duk abin da aka tambaye ta za ta ce ya yi. Na'ura ta karɓa, hannuwa suka ci gaba da juya miya.

Malam Tanimu ya tashi ya lakato miyar da ke ludayin ya kai baki. Ya yamutsa fuska, ya nemi ruwa.

"Injiniya, in kika aika wannan gidan Mudi, har yaron nan ya yi aure ana ba da labarinta."

Ta ɗanɗana, ita ma ta yamutsa fuska. "Amma harshen lantarki ya ce gishiri daidai, tsami daidai!"

"Shi ya ce. Wai tun ɗazu wa kike nema ne a allon nan?"

"Wani aji, Tabawa."

Dariya ta kama Malam Tanimu har gyaɗa ta sarƙe shi. "Aji? Inna Tabawa ce aji? Tsohuwar da ke zama bakin tagar nan, wadda kika sallama watan jiya da turmin atamfa da takardar yabo!"

Kunya ta rufe Balaraba. Shekara biyu tana wuce matar nan kowace safiya, tana ce mata Inna mai ludayi, ba ta taɓa tambayar sunanta ba. Ta ɗauka an bar ta a wurin ne don girmamawa kawai. Ashe waɗanda suka ƙera na'urar sun san daddawar Bakori ba ɗaya take da ta Ɗandume ba, kukar bana ba ta bara ba ce, don haka suka rubuta cewa babbar tukunya ba ta sauka sai matar nan ta ɗanɗana ta dangwala yatsa a jikin na'ura alamar ta amince.

Neman ta bai yi wuya ba. Tana gidan sunan, hawa na ashirin da shida, zaune cikin mata, sanye da atamfar sallamar. Balaraba ta durƙusa har ƙasa.

"Inna, ki yi mini rai. Na'ura ta ƙi tafiya sai da ke."

"Ni? Ba an ce an sayo harshe ba? Ni ma tuwon nake jira, 'yar nan, tun safe ban karya ba."

Mata suka kwashe da shewa. Sai da Inna Tabawa ta ja mata rai son ranta, ta ƙare goronta tsaf, sannan ta ce a miƙo mata takalmi.

A madafa Balaraba ta goge Tabawar ƙarya, ta gaske ta zauna a kujerarta. Ta kurɓi miya, ta juya ta a baki, ta ce a ƙara daddawa ƙwarya biyu, a jefa 'yar kanwa, a rage wutar tukunyar tsakiya don ta fara kamu. Ta dangwala yatsa. Hannuwa goma sha biyu suka ɗauki aiki har da sauri. Abinci bai sauka da azahar ba, sai dab da la'asar, amma da kuloli suka dawo ko loma ba ta rage ba. Yaya Mudi ya bugo waya yana ta sa wa sabuwar manhaja albarka, Balaraba ta amsa da amin a hankali.

Kafin su tashi ta buɗe tarihin na'urar. Sau ɗari shida da ɗoriya aka kira Tabawa cikin shekara talatin, kuma ba ta taɓa ba da amsa iri ɗaya sau biyu a jere ba.

"Inna, shekarunki nawa?"

"Tamanin ba biyu."

"To ranar da na'ura ta kira ba kya nan fa?"

Tsohuwa ta miƙe. Ta ɗebo miya daga ƙaramar tukunyar ma'aikata da ke gefe, ta miƙa mata ludayin.

"Faɗa mini abin da babu."

Balaraba ta kurɓa. Ta juya miyar a baki yadda ta ga an yi, ta kalli rufi, ta sake kurɓa. Digirinta uku, kuma ba ta sani ba.

"Gobe ki zo da kujerarki," in ji Inna Tabawa. "Ki bar allon a gida."