Kwana Talatin da Ɗaya

Ranar biyu ga Nuwamba aka kawo ƙarar, Sufeto Yunana bai ko kai shayinsa baki ba. Awarwaro huɗu na zinariya sun ɓace a gidan Hajiya A'i, wata tsohuwa 'yar Zongon Kumasi da ke zaune can ƙasar waje, a titin Grand Concourse. Wanda ya rako ta caji ofis shi ne Kadri, mai tsara jadawalin aiki a kamfanin da ke tura mata mai kula da ita. Har takarda ya zo da ita a buge: ranar Juma'ar ƙarshe ta Satumba, Hasiya, mai kula da tsohuwar, ita ce a bakin aiki.

Yunana ba ya son shari'ar da ta zo masa a dafe. Ya dubi tsohuwar.

"Mama, yaushe kika lura babu su?"

"Biyu ga watan jiya, ɗana. Ranar Juma'a na sa su, na cire na kwanta. Wa ya zo ranar, ban riƙe ba, idon nan da maganin nan sun gama da ni. Kadri ne ya ce Hasiya ce."

"Wata guda ke nan. Me ya hana ki zuwa?"

"Shi ya ce a bari a sasanta a gida, ba a kai 'yar'uwa gaban hukuma a ƙasar mutane. Yau kuma ya ce haƙuri ya ƙare. Na uwata ne. Jikata zan ba ranar aurenta."

Hasiya ba ta yi kuka ba da aka zaunar da ita. An riga an karɓe katin aikinta. In laifin ya tabbata, lasisin ya tafi, da shekara tara na wanke tsofaffi da juya su a gado.

"Ranka ya daɗe, ranar ina unguwar Port Richmond wajen sunan ƙanwata. Na ɗauki hutu. Oga Kadri ya ce shi zai riƙe shift ɗin, wato aikina na ranar."

Kadri ya yi murmushin tausayi da aka maimaita masa. "Sufeto, kowa zai iya cewa haka. Ga jadawalin nan. Da da hali ma sai a duba backup, kwafin da kwamfuta ke adanawa, to kwana talatin kawai yake yi, injin ya goge."

Ba wanda ya tambaye shi wannan. Yunana ya rubuta a littafinsa: biyu ga Oktoba zuwa biyu ga Nuwamba. Ya ƙirga sau biyu, kwana talatin da ɗaya.

Da rana ya hau bene na uku, ofishin kamfanin. Mai kula da kwamfutocin wata 'yar Jos ce, Salome, tana cin gyaɗa a wani ɗaki da bai fi kicin ba.

"Gaskiya ne kwana talatin?"

"Rabin gaskiya ne, sir. Kowace rana injin yana ɗaukar kwafin duk abin da ke kwamfutocin ofis ya adana. Na kullum, wata ɗaya yake yi sabo ya ture shi, in ba haka ba ina za mu zuba su? Amma na ranar ƙarshen wata daban ake ajiye shi, shekara guda cur." Ta nuna wata takarda a jikin bango. "Shafi biyu ce dokar. Kowa ya sa hannu a na farko, ban taɓa ganin wanda ya ɗaga ya duba na biyu ba."

"Wani ya tambaye ki kwanan nan?"

Ta daina tauna. "Oga Kadri, farkon Oktoba. Na ce talatin, ban kai ga sauran ba ya yi godiya ya fice."

Minti ashirin ta yi tana dawo da kwafin talatin ga Satumba. Jadawalin ya buɗe. A layin Juma'a an rubuta Hasiya tana hutu, a gefe kuma sunan wanda ya maye gurbinta: Kadri. Yunana ya ji wani sanyi a ransa, don tun safe yake tsoron ya makara da kwana ɗaya.

Ya shiga ofishin Kadri ya jera takardun biyu a kan tebur.

"Wannan naka ne, wannan na injin. Wanne zan yarda da shi?"

Kadri ya dubi takardun. "Ai ta ce talatin," ya ce a hankali, kamar Salome ce ta cuce shi.

"Ina awarwaron?"

Ya jawo durowar ƙasa. Suna nan a naɗe cikin safa. Ya ce ya kai su wurin masu saye sau biyu, suka ƙi karɓa saboda sunan da aka zana a ciki. Ya ce bai yi niyyar abin ya kai Hasiya haka ba. Aka sa masa ankwa, aka sauko da shi ta gaban ma'aikatan da ya saba yi wa wa'azin riƙon amana.

A caji ofis Hajiya A'i ta shafa awarwaron ɗaya bayan ɗaya, ta gane su da yatsa. Sai ta miƙa hannu tana laluben iska.

"Ina 'yata? Ki yafe mini, na yarda da takarda na ƙi ki."

Hasiya ta kama hannun, ta rataya katinta da aka mayar mata a wuya da ɗaya hannun, sannan ta duba agogo.

"Mama, ƙarfe huɗu ta wuce. Wa ya ba ki maganin hawan jini yau?"

Tsohuwar ta girgiza kai, alamar babu kowa.

"Na sani," in ji Hasiya, ta ɗauki jakarta. "Tashi mu tafi gida."