Awarwaron Yaya

Rana ta kusa faɗuwa Mai Walda ya rufe shagonsa, ya saɓa na'urarsa ta gano ƙarfe, ya nufi filin bayan tsohuwar masaƙa. Ransa in ya yi dubu ya ɓaci.

Na'urar nan abin nishaɗinsa ce. Ranar hutu yakan bi filaye yana lilo da faifanta a kan ƙasa, ya tono murafun kwalba, wani lokaci har zobe, ya nemi mai shi ya ba shi. Matarsa tana kiranta sandar makaho. Amma yau ba wasa ya fito da shi ba. Jiya dangi sun zauna shan iska a filin, awarwaron zinaren yayarsa ya ɓace. Ita kuwa, ba kunya ba tsoron Allah, ta nuna ƙaramar 'yarsa Auta a gaban kowa.

"Ita ta riƙe min jaka," in ji Yaya. "A caje ta."

Aka caje ta, ba a ga komai ba, amma kallon ɓarauniya bai bar ta ba. Yarinyar ta kwana tana kuka.

Filin ba kowa. Sai ƙaurin ciyawar da aka ƙona da kukan kwaɗi daga lambatu. Ya fara shara da na'urar tun daga gindin bishiyar da suka shimfiɗa tabarma. Na'ura ta yi ƙara, ya tona, ƙusa. Ya ja tsaki.

"Sai na jefa miki shi a fuska, Yaya," ya ce a ransa.

Kwaɗin suka yi tsit gaba ɗaya.

Ya ɗaga faifan zai kakkaɓe ƙasa, sai na'urar ta ƙwala irin ƙarar da take yi wa zinare. A sama, ba a ƙasa ba. Daidai ƙugunsa.

Ya matsar da ita hagu, shiru. Ya dawo, ƙara. Gabansa babu komai sai iska da ƙamshin wani tsohon turare.

Ya ji ƙarfe ya bugi ƙarfe, kamar mace mai awarwaro ta gyara hannu.

Tsigar jikinsa ta tashi, amma fushi ya fi tsoro yawa.

"Ashe ke ce!" Ya daka tsawa. "Kin sa an ci mutuncin 'yata!"

Ya kai cafka. Ya kama wuyan hannu, siriri, mai sanyi kamar bututun ruwa.

"Nawa ne," aka raɗa masa a kunne.

Ya fizge. Awarwaro ya bayyana a tafinsa.

Wani abu ya shaƙe masa wuyan riga ta baya. Rigar ta yage. Ya yar da na'ura, ya zuba da gudu, numfashi na bin ƙeyarsa har bakin titi.

Bai tsaya ko'ina ba sai falon Yaya. Tana zaune tana yankan farce, zinare na ƙyalli a hannunta.

"Au, ban kira ka ba?" ta ce, ko a jikinta. "Ashe cikin yagewar jaka ya faɗa. Ka ce wa Auta ta daina kumbura baki."

Ya dubi hannunta. Ya dubi nasa. Na wurinsa ya fi kauri, da wani zane da bai taɓa gani ba.

Washegari ya mayar da shi gindin bishiyar, yana ta ba da haƙuri. Da ya dawo gida ya tarar da shi a aljihunsa. Ya sake mayarwa, ya sake dawowa. Tun daga nan ba ya yarda Auta ta fita da yamma. Duk da haka, wata magariba ta zo ta tsaya kusa da shi, idonta jawur.

"Baba, wace ce take tsayawa a taga tana ce min 'yar ɓarawo?"