Hujin Kunnen Mansok

"Wallahi ba za ku sare shi ba! Sai dai ku haɗa da ni!"

Buni ta ratsa tsakanin dawakan Sin, ta tsaya ƙyam a gaban mutumin da ke durƙushe, an ɗaure hannayensa ta baya. Hayaƙin bindiga bai gama washewa daga filin Jiksan ba. Tun hantsi rundunar Japan ta ja da baya, sojojin Sin da suka zo taya ƙasar Joson yaƙi suna bin gawarwaki suna tattara kawuna, don kowane kan Bajapane da ladansa.

Mutumin ya ɗago. An aske masa gaban kai ƙwal, irin askin abokan gaba.

"Buni... tafi gida, masoyiyata. Kada ki kalla."

Mansok ne, maƙerin ƙauyensu, wanda Japanawa suka kama da bazara, suka aske shi suka sa shi dakon shinkafa.

Hafsan Sin ya yi magana daga kan doki. Tafintansa Chilbok ne, ɗan garinsu, wanda Buni ta mayar wa kyautar silikin neman aure har sau biyu.

"Na faɗa masa ban san wannan ba," in ji Chilbok yana murmushi. "'Yan leƙen asirin Japan ai sun iya harshenmu."

"Kai Chilbok! Wa ya ƙera maka laujen da ke rataye a ɗakinka?"

"Yi haƙuri, ƙanwata. Wannan ba zan fassara ba."

Ta juya ga mahaifinta da ke tsaye cikin mutanen gari.

"Baba, kai ma ba ka san shi ba?"

Tsohon ya kawar da kai.

"Gashi amanar iyaye ne. Wanda ya bari aka taɓa nasa, ya riga ya mutu a wurinmu."

Haka littattafai suka ce, haka kowa ke maimaitawa. Sai dai waɗanda suka rubuta su ba a taɓa danne su a ƙasa da aska a wuya ba.

Buni ba ta yi kuka ba. Ta cire ɗan kunnenta na azurfa, ta ɗaga shi sama har hafsan ya gani, sannan ta kama kunnen Mansok na hagu.

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan da sarki ya hana huda wa maza kunne, ya ce ɗabi'ar jahilai ce. Kakanni a ƙauye suka ce to, suka ci gaba da zura allurarsu. Bajapane kuwa ba ya huji, kuma duk sojan Sin ya san da haka.

Hafsan ya sunkuyo ya duba. Ƙura da busasshen jini sun rufe wurin. Ya yi wata gajeriyar magana, wannan karon Chilbok ya fassara da sauri.

"Ya ce in jini ya fito, yanzu kika huda. Kai biyu zai ɗauka."

"Buni, kada!" in ji Mansok. "Tun ina yaro rabona da sa komai. Wataƙila ya toshe..."

"Bai toshe ba."

"Ke kuma yaya aka yi kika san kunnen namiji haka?" mahaifinta ya daka tsawa.

Matan gari suka kama baki.

"Na sani ne, Baba, don na sha riƙe shi a bayan maƙera. Ku ji da kyau, kowa ya ji!"

Ta jiƙa yatsa da yawu, ta goge fatar. Ta laluba a hankali... a hankali...

Azurfar ta shige sumul, ta ɓullo ta baya.

Babu ko ɗigon jini.

Hafsan ya kalli kunnen, ya kalli Chilbok. Bai nemi fassara ba, bulalar doki kawai ya zabga masa a kafaɗa, ya yi nuni a kwance igiya.

Mansok ya miƙe yana tangaɗi, ya kai hannu zai cire ɗan kunnen.

"Bar shi nan!" ta ce.

"Ba zan ba da 'yata ga wanda ba shi da gashin da za a ɗaure masa tukkun ango ba," in ji tsohon, amma muryar ta yi sanyi.

"To wa za ka ba, Baba? Azurfata na kunnensa, gari duka ya ji abin da na faɗa. Gashinsa zai tsiro. Ni kuma ina da haƙuri."

Tsohon ya dubi kan Mansok.

"Sai gashin ya isa ɗauri. Ko kwana ɗaya ba zan rage ba."

Duk wata Buni na auna gashin da zare. Aka yi bikin bayan girbi na biyu, tukkun bai fi ƙwan tantabara ba, 'yan mata suna ta ƙyaƙyata dariya.

"Suna yi mini dariya, amaryata," ya raɗa mata.

"Bar su. Kan da ke ƙarƙashinsa nawa ne."