Idon Roba da Wayar Aro

“Wata likita ce daga Kano take nemanki,” in ji Harisu, yana miƙa mata wayarsa a zaure. “Ta ce ke kaɗai za ta yi wa bayani.”

Madina ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ita fa ta ja wa kanta. Wayarta rakani-kashi ce, ba ta kiran bidiyo, sai ta ari ta saurayin nata da sunan gaisawa da ƙawa, ta kira likitar da ita. Ashe lambarsa asibitin ya riƙe!

Tun da ya fara zuwa zance daga Sandamu take ce masa kara ne ya tsokane mata idon hagu tana yarinya, kullum kuma gefen take juya wa bango. Alhali ciwon daji ne ya ci idon, aka sa mata na roba. Da gwaggonsa Inno, mai son cusa masa 'yarta, ta fara yamaɗiɗin wai ciwon gado ne, sai Madina ta nemi likitar a ɓoye, ta tofa yawu a 'yar kwalba, direban tasha ya kai Kano don gwaji.

“In ba ki wuri?” in ji Harisu.

Ta ja mayafi ta rufe fuska. “Zauna... ka ji da kunnenka. In ka fasa, ban ga laifinka ba.”

Sai da likitar ta tabbatar Madina ta yarda ya ji, sannan ta ce, “Ciwon na gado ne, kina ɗauke da shi. Duk ɗan da za ki haifa yana iya gadonsa, yana iya tsira. Amma in an duba idon jariri tun kafin suna, ana kama abin da wuri, a ceci ido da rai.”

Aka yi sallama. Madina ta miƙa masa wayarsa.

“Yaya Harisu... ƙarya na yi maka. Ba kara ba ne.”

“Na sani, sanyin idona. Babanki ya faɗa mini tun ranar da ya ba ni izinin zuwa. Bakinki kawai nake jira.”

Wata sabuwar kunyar ta lulluɓe ta, hawaye suka ɓalle. “To Inno fa?”

“Inno ce za ta zauna da ke?” Ya adana lambar likitar a wayarsa. “Kafin in je kasuwar Mai'adua sayen ragon suna, Kano za mu fara zuwa.”

Madina ta sauke mayafin a hankali, ta juyo masa da gefen hagun.