Abin da Yake Shan Batirin Alhaji Namadi

Sunan garin ya kuɓuce mini, 'ya'yana. Shekarar ma ta tafi. Na dai san damina ce, kuma a kan hanyar Funtuwa ne. Amma hannun Tanimu ban manta da shi ba. Ku matso, ba zan ɗaga murya ba.

A lokacin ina yawon neman karatu, wani ɗan kasuwa, Alhaji Namadi, ya rage mini hanya a motarsa. Mota mai kyau, sai dai tana da ciwo. A kashe ta da daddare lafiya lau, da safe a murɗa makulli, shiru. Ya sauya batir, ya sake sauyawa. Duk ta shanye.

Aka kwatanta mana Tanimu mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota, a bakin gari. Muka isa bayan la'asar. Siriri ne, ba ya son yawan magana. Ya auna cajin injin, ya ce lafiyarsa ƙalau.

"Alhaji, ɓarawon a ciki yake. Akwai abin da ba ya barci."

"Mota ce mai barci?"

"Tana yi mana. In aka kashe ta, ƙananan akwatunan da ke cikinta su yi ta kwanciya ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya lalace ya zauna ido biyu, yana tsotson wuta har gari ya waye."

Ya buɗe bonet, ya kwance waya ɗaya daga kan batir, ya sa mitarsa ta auna wuta a tsakani. Aka rufe ƙofofi. Ya ce kada wanda ya taɓa ta. Muka zauna a benci muna jira ta yi barci.

Rana ta yi ja. Sauran masu gyara suka watse. Mita ta ƙi sauka.

Tanimu ya buɗe akwatin fis, 'yan abubuwan da wuta ke bi ta kansu zuwa kowane sashe na mota, ya fara zarewa. Ya zare, ya dubi mita, ya mayar. Ya zare na gaba. Na rediyo, ba shi ba ne. Na fitilu, ba shi ba ne.

"Alhaji, ka taɓa sauya wani akwati?"

"Na gilasai da ƙofofi. Na hannu na saya, daga jikin wata mota da ta yi hatsari."

Tanimu ya gyaɗa kai, ya kai yatsunsa kan fis ɗin.

"Bawan Allah, kada ka zare wannan."

Mace ce, tsaye a gefen motar. Ba mu ji tahowarta ba. Doguwa, da zanen goyo ɗaure a ƙirji, amma bayanta babu ɗa. Bakinta na motsi a gabanmu, muryar kuwa daga cikin motar take fitowa. Na dubi ƙasa. A tsakiyar baƙin man da ya zube take tsaye, ƙafa ba takalmi, kuma ko ɗigo bai taɓa ta ba.

"Yarona ne yake sha," in ji ta. "Motar da aka ciro akwatin daga jikinta ce ta buge mu a kwana. Ya tsorata, ya shige akwatin nan, ya ƙi fitowa. Ku bar shi ya ƙoshi."

Na kama rigar Tanimu. Alhaji ya yi tsaki.

"Kai, mahaukaciya ce za ta hana ka aiki? Zare, mu bar garin nan!"

Ya zare.

Mita ta faɗi. Ko'ina ya yi tsit. Sai kukan jariri ya ɓarke daga cikin motar, kuka mai tsinka kunne.

Bonet ya rufto a kan hannun Tanimu. Na ji ƙarar ƙashi. Ya kurma ihu, yana ja, ƙarfen na ƙara dannewa. Jini ya bi fitilar gaba yana ɗiga. Alhaji ya zura kai ta taga zai ja abin buɗe bonet, gilashin ya taso ya shaƙe masa wuya. Gilashin da aka cire wa wuta! Idanunsa suka firfito, yana shure-shure, hularsa ta faɗi cikin mota. Ƙofofi na kulle kansu suna buɗewa, ƙas, ƙas, ƙas.

Tanimu kuwa ya daina ihu. Leɓensa ya yi fari. Na gane. An hana yaron batir, ya koma kan mutum.

Ni ba jarumi ba ne. Na karanta abin da ya zo bakina, ban tuna ko mene ne ba. Na durƙusa a gabanta.

"Baiwar Allah, mun yi laifi. Ba mu yi sallama ba, ba mu tambaya ba. Me za a yi?"

"A mayar masa da nononsa."

"Sai an buɗe bonet," na ce.

Ta dube ni. Idonta ba ya ƙiftawa. Bonet ya ɗaga kaɗan. Fis ɗin na nan a cikin jini, tare da yatsu biyu da suka guntule. Na tsamo shi, na sa wa Tanimu a hannun hagu, na tallafe shi ya danna.

Kuka ya tsaya. Gilashi ya sauka. Alhaji ya zube ƙasa yana kakarin amai.

Na yaga rawanina na ɗaure hannun. Tanimu na rawar sanyi, amma kansa na aiki.

"Malam, ɗauko batirin can. Za mu haɗa masa wani kafin mu yanke wannan. Kada wuta ta ɗauke masa ko na ƙiftawar ido."

Shi yake faɗa, ni da Alhaji muke yi. Muka ciro akwatin daga ƙasan sitiyari, da wayoyinsa a jikin sabon batir. Bai fi tafin hannu ba. Da ɗumi a jikinsa, yana ɗan motsi kamar mai numfashi.

Ta sunkuya. Muka ɗora mata su a baya, ta ɗaure da zanen, ta jijjiga. Sannan ta shafa dungulmin Tanimu.

"Ba za ka sake zarewa a makance ba."

Ta shiga cikin dawa. Ko ganye bai kaɗa ba.

Don haka nake gaya muku, kada ku zauna ku kaɗai gadin mota da magariba kuna jira ta yi barci. Kuma kafin ku raba wani abu da abincinsa, ku tambaya.

Da safe motar ta tashi da murɗa ɗaya. Inda muka rabu da Alhaji, na manta. Amma bayan shekaru na sake bi ta garin, na iske Tanimu. Ya daina amfani da mita. Sai ya bi kan fis da dungulmin, inda ya ji tsotso, nan ne. Na ce ban yarda ba. Ya yi murmushi, ya ɗora dungulmin a kan agogon hannuna.

Ga shi nan, ku duba. Na sauya masa batir ya fi a ƙirga. Tun ranar bai sake motsi ba.