Ɗakin Inna

"Tarko kawai ba zai yi ba, Auta. Sai an buɗe ɗakin can."

Ta ɗago daga kan keken ɗinkinta ta harare shi. Maginin da ya shekara uku yana jiranta ne, tsaye da siminti har gwiwar hannu.

"Ka san ɗakin Inna ne. Tun rasuwarta Baba bai bar kowa ya taɓa ƙofar ba."

"Na sani. Amma na toshe ramuka tara, na sa ragar ƙarfe a magudanar ruwa, na yanke ciyawar bayan katanga. Duk da haka jiya ɓerayen nan sun gama da dankalin lambu. Daga can suke fitowa, zuciyata."

"To ka zuba guba mana..."

"Kajin Baba fa? Su ma a yi musu ta'aziyya?"

Ta so ta yi dariya, hawaye ya riga ta. Ɗakin nan da aurenta duk abu ɗaya ya tsayar da su. Yayyenta sun watse, ita kaɗai ta rage wa tsohon, ko maganinsa sai ta miƙa masa yake sha. Duk ranar da magini ya ɗauko zancen aure, sai ta ce ya ƙara haƙuri.

Ba su san Baba yana zaune a bayan labule ba, sai tarinsa suka ji. Ya fito a hankali, ya ciro makulli daga aljihu, ya miƙa wa magini.

"Buɗe, ɗana. Ni ba zan iya ba."

Warin ɓeraye ya fara tarbar su. Kashinsu ko'ina, katifa ta zama sheƙa. Magini ya yi ta fito da kaya rana, ba ya ajiye komai sai ya kakkaɓe shi da hannu biyu. A ƙarƙashin gado ya jawo akwatin katako, an cinye masa kusurwa guda.

Yadudduka ne cike. Auta ta ɗaga na farko, ya wargaje a hannunta.

Baba ya zauna a bakin ƙofa. "Naki ne. Ɗaya bayan ɗaya Innarki ta riƙa saya, wai na ranar aurenki. Ni kuma na kulle, ina ganin adanawa nake..."

"Baba, ba komai."

"Da komai, Auta. Shekara uku yaron nan yana gyara mini katangar da ba ta lalace ba. Na gani, na yi shiru, don ina tsoron zaman gidan nan ni kaɗai."

Magini ya durƙusa. "Baba, ban taɓa nufin raba ku ba. In kun yarda, ɗakuna biyu zan tayar a ƙarshen lambu. Ko tari kuka yi, za mu ji."

Tsohon ya dube shi. Sannan ya juya ga 'yarsa, wadda ta zaro wani shuɗin yadi daga can ƙasan akwatin tana auna shi da hannu.

"Me suka bari?"

"Zai yi riga ɗaya, Baba... in na yi dabara."

"To yi dabarar." Ya share ido da bakin rigarsa. "Kai kuma tashi, ka toshe mini ramin nan tukuna. Gobe ka turo manyanka."