Farar Goɗiya ta Huɗu

Ku matso kusa. Lantana, ajiye wayar nan ko in kama bakina. Ɗazu na ga kina dariya don Kawu Nomau ya daka wa Asabe tsawa. Ƙawarta ta yaba ɗankwalinta, ita kuma ta ce "ai naki ne", sai Kawu ya zabura kamar ya taka maciji. Kun ɗauka rikicin tsufa ne ko? To ba shi ba ne. Ni ya gaya wa dalilin da bakinsa, sau ɗaya tak.

Da ƙuruciyarsa aikin dawaki ya yi. Aikin ya kai shi har ƙasar Girka, wani tsibiri da ake kira Rodos, ruwa gaba ruwa baya. Yana kula da bargar wata tsohuwa mai suna Marika, wadda baƙi ke hawan dawakinta su yi kilisa a bakin teku. A bargar akwai wata farar goɗiya. Uwarta wajen haihuwarta ta mutu, Kawu ne ya raine ta da madara a kwalba, har ya sa mata suna Madara. Ba ta cin abin hannun kowa sai nasa. Wallahi in yana zancenta muryarsa canzawa take yi.

Tun zuwansa tsohuwar ta ja masa kunne. Ta ce mutanen tsibirin na zamanin da, rana suke bauta wa, wa'iyazu billahi. Wai namiji ne mai tuƙa keken doki a sama, Heliyos sunansa, kuma tsibirin nasa ne. Ba a zuba masa giya, sai zuma. Kowace shekara in zafi ya kai maƙura, sai su ɗaura dawaki huɗu a keke, su kora su cikin teku, su zama nasa. Ta ɗaga sandarta ta nuna wani dutse da ya leƙa kan ruwa. Ta ce, "Kome za ka yi, kada ka bi can da farin doki rana tsaka."

Kawu ya ce to. A ransa kuwa cewa ya yi zancen tsofaffi ne.

Ran nan sai ƙafar Madara ta kumbura. Maganinsu a can, a tsayar da doki cikin ruwan teku har kumburin ya saɓe. Hanyar teku ta cikin gari da nisa, ga kwalta ta ɗau zafi. Ta kan dutsen kuwa taku kaɗan ne. Ya dubi yadda take ɗingishi, tausayi ya kama shi. Ya naɗe ragamarta a wuyan hannunsa yadda ya saba, suka hau.

Rana ta take tsaka. Iska ta ɗauke. Ƙwarin da ke kuka cikin itatuwan zaitun suka yi tsit lokaci guda. Madara ta toge, kunnuwanta suka kwanta.

Sai ga mutum zaune kan wani rusasshen gini, lulluɓe da farin mayafi. Kawu ya yi ya yi ya kalli fuskarsa, ido ya ƙi, sai hawaye.

"Sannu da rana, Nomau."

Da Hausa fa! Hausar garinmu, tsaf. Shekara uku Kawu bai ji ta a bakin kowa ba. Murna ta rufe shi, ko tambayar inda ya san sunansa bai yi ba.

"Yauwa, sannu kadai! Ashe da ɗan'uwa a nan?"

"Na daɗe a nan."

Ya miƙo masa saƙar zuma. Kunya ta hana Kawu ƙi, ya karɓa. Zumar da zafi kamar yanzu aka sauke ta daga wuta.

Mutumin ya ce, "Goɗiyar nan ta yi kyau."

To, me ɗan gidan nan zai ce in an yaba abinsa? Asabe, ai ke kin sani. Abin da kika faɗa ɗazu, shi Kawu ya faɗa, bai ko yi tunani ba.

"Ai taka ce, ranka ya daɗe."

"Na karɓa."

A lokacin ne Kawu ya dubi ƙasa. Ƙafafun mutumin a jiƙe sharkaf, ruwa na ɗiga, kan dutsen da ko ƙwai ka fasa sai ya soyu. Inuwar Kawu tana nan ƙarƙashinsa. Mutumin ba shi da inuwa. Ya waiga. Ta Madara ma babu.

Sai ya ji haniniya daga ƙasa. Ya leƙa. Fararen dawaki uku tsaye a kan ruwa, gansakuka a gezarsu, ɗaure a keke. Gurbi ɗaya babu kowa.

Madara da ba ta iya taka ƙafa ta zabura. Ragamar tana hannunsa, ta yi ta jan sa kan duwatsu. Yana ihu, "Ba da gaske nake ba! Al'adarmu ce, haka muke cewa!"

Muryar ta ce daga bayansa, a hankali, "Mu kuma tamu, abin da aka ba rana ba ya dawowa."

Ya kira sunanta. Ta waigo sau ɗaya, ta dube shi. A bakin dutsen ya samu ya zaro wuƙarsa ya yanke ragamar, yana salati. Ta tafi. Ya kasa kunne ya ji faɗawarta cikin ruwa, bai ji kome ba.

"Huɗu sun cika," in ji muryar. "Saura mai riƙe linzami. Goɗiyar ba ta yarda da hannun kowa sai naka. Ba na gaggawa, Nomau. Kullum ta kanka nake wucewa."

Da tsohuwar ta gan shi da guntun ragama da zuma a hannu, ba ta yi masa faɗa ba. Hannu ta ɗora a ka, ta ce ya bar tsibirin kafin gobe. Tabon nan na wuyan hannunsa, na ranar ne. Shi ya sa tun da kuka san shi, daga hantsi ya ɗaga ba ya leƙowa waje sai inuwa ta karkata.

Lantana, kin daina dariyar? To saura kaɗan.

Shekaranjiya da zafin nan na kai masa abincin rana. A ƙofar ɗakinsa na ga sawun kofato a jiƙe, uku sun nutse sosai, ɗaya da ƙyar ya taɓa ƙasa. Na dangwala na lasa. Gishiri. Mu da ko kogi ba mu da shi a garin nan!

Na tura ƙofa. Kawu na tsaye a bayanta, hannu ɗaya kan sakata, ɗaya riƙe da kwalbar madara, hawaye ya jiƙa gemunsa. Na ce, "Kawu, tsoro kake ji?"

Ya girgiza kai. Ya ce, "Kulu, har yanzu ƙafarta ba ta warke ba. Ba wanda ke duba ta."

Ni abin da ya hana ni barci ke nan. Mai mayafin da goɗiyar ba shigowa za su yi ba. Kawu ne zai buɗe musu ƙofa da kansa.

Gobe ke za ki kai masa abinci, Lantana. Kada ki je ke kaɗai, ki ɗauki Asabe. In wani ya gaishe ku a hanya rana tsaka, ƙafarsa za ku fara duba. Kuma kada ku baro Kawu sai inuwa ta karkata.